Layi ɗaya da karsanar Kawu

Shekarun baya, lokacin da na gama karatun kwamfuta na dawo gida Bagudo ina jiran aikin da ya ƙi zuwa, na rubuta wani layi ɗaya a cikin manhaja. Layin bai kai tsawon ɗan yatsana ba, amma har yau in na tuna shi sai in ji abinci ya fita raina. Da yawanku kun san ni a nan da yawan gyara wa mutane kuskure, kamar ni ban taɓa yi ba. To yau ga nawa.

A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Duk wayar da ta ƙi kunnuwa a unguwarmu ni ake kawo wa, har aka laƙaba mini Injiniya, ni kuwa ban taɓa cewa a daina ba. Ina da aboki tun firamare, malamin dabbobi, mai ɗan shagon magani kusa da kasuwa. A cikin shagon akwai firiza mai aiki da hasken rana, a nan yake ajiye allurar rigakafin shanu. Maganin yana son sanyi daidai, daga awo biyu zuwa takwas. Shi kuma abokina wuni yake yi a kan babur daga wannan ruga zuwa waccan, shago a kulle, bai san halin da firiza yake ciki ba. Da asuba kaɗai yake buɗe shi ya ɗebi kwalaben da zai fita da su, don kada sanyi ya tsere.

Wata rana muna shan shayi ya ce, “Injiniya, kullum kana cika muna baki. Ba ka iya haɗa min wani abu da za shi riƙa hwaɗa min in firizan ga ya yi zahi?”

Na ce, “Wannan ai aikin mako guda ne.” Wata biyu na yi a kai.

Abin da na haɗa ɗan akwati ne kamar na ashana babba. A ciki akwai ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki, da waya mai auna sanyi da ke shiga cikin firiza, da fitila biyu, koriya da ja, da layin waya da zai tura wa abokina saƙo in an samu matsala. Umarnin da ke tafiyar da shi da yaren C na rubuta. Waɗanda suka san C sun san halinsa: ba ya yi maka gardama. In ka nuna masa buhun yashi ka ce gero ne, zai ɗauka ya zuba maka a rumbu.

Matsalata wurin ajiya ce. Irin wannan ƙaramar ƙwaƙwalwa wurin da take riƙe bayani kaɗan ne ainun, ni kuma ina so ta riƙa ajiye awon kowace awa na fiye da wata guda, don abokina ya riƙa dubawa. Kowane awo yana zuwa ne da gurbi biyu, kuma a ciki har da alamar da ke nuna ko lambar tana ƙasa da sifili. Na lissafa, gurbi biyu-biyu ba zai ishe ni ba. Gurbi ɗaya-ɗaya zai isa. Sai na zaɓi irin gurbin da ba shi da wannan alama, wanda yake ɗaukar lamba daga sifili zuwa ɗari biyu da hamsin da biyar kawai.

Na tuna sarai abin da na faɗa wa kaina. Mu a Bagudo ina muka ga ƙasa da sifili? Ni tun da aka haife ni a jarrabawar lissafi kaɗai na taɓa haɗuwa da shi. Abin da ke ɓata mana nono da nama da magani zafi ne, shi na sani, shi nake tsoro.

Manhajar da ke juya rubutuna zuwa abin da na'ura ke ji ta yi mini gargaɗi. Ta ce ina cusa babban abu a ƙaramin gurbi, lambar tana iya canzawa. Ni kuwa ba na son ganin gargaɗi a allona, yana ɓata mini kwalliya. Sai na yi abin da masu sana'armu ke kira kastin, wato ka ce wa na'ura: na ji, na gani, ɗauki wannan a matsayin wancan, alhaki a wuyana. Gargaɗi ya ɓace. Har hoton allon na ɗauka na tura wa abokan karatuna, su ga aiki tsaf.

Na ƙara wasu dabaru biyu da nake ganin hikima ce. Wayar awon takan kawo wata lamba ta shirme in ta ɗan motsa, don haka na ce duk awon da ya haura sittin shara ne, a zubar, kada ma a ajiye shi. Sannan abokina ya yi ƙorafin jar fitila na kamawa duk ya ɗaga murfi, sai na ce kada ta kama sai an samu mummunan awo sau uku a jere. Kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ya gaya mini da bakinsa cewa sanyi ma in ya yi yawa yana kashe wani maganin. Na rubuta cewa in awo ya sauka ƙasa da biyu a kunna ja. Rubutawa na yi, ban gwada ba. Zafi na yi ta gwadawa: na tsoma wayar a shayi, na shanya ta a rana, har a hammata na saka ta.

Aka kafa na'ura, ta yi aiki, sunana ya ƙara tashi.

Yanzu sai in kawo muku Kawu. Yayan mahaifiyata ne, Bafulatani, rugarsu tana bayan Sharabi. A da yana da garke, amma ciwo da shekarun yunwa suka yi ta ci har ya rage masa tsofaffin shanu uku. Yana da wani amini a tsallaken iyaka, cikin ƙasar Benin, dattijon da suka yi kiwon rani tare tun suna samari. Wannan dattijo ne ya ba shi haɓɓanaaye. Al'ada ce ta Fulani: wanda yake da shi ya ɗaure wa wanda ya rasa karsana, ya riƙe ta har ta haihu sau uku, 'ya'yan su zama nasa, sannan ya mayar da uwar. Da haka mutumin da ya faɗi yake sake tashi. Jar karsana ce mai farin goshi, shekararta biyu, jikinta sumul. Kawu ba mai yawan dariya ba ne, amma na ga haƙoransa a shekarar nan. Da hannunsa yake cire mata kaska, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa.

Kawu bai yarda da allura ba. Ni na matsa masa. Damina tana matsowa, lokacin harbin daji ke nan, ciwon da ke kayar da ƙananan shanu cikin kwana ɗaya, kuma masu ƙiba yake zaɓa. Na ce, “Kawu, amanar mutane ce a hannunka.”

Ya ce, “Ɗana, ruwan kwalba da anka ɗauko daga nesa, wa ya san abin da ya gani bisa hanya?”

Ranar kasuwa na jawo shi har shagon abokina, na nuna masa akwatina a jikin firiza. Na ce, “Ka ga wannan koriyar fitilar? Muddin tana kunne, magani lafiyarsa lau. Ni na haɗa ta da hannuna.” Ya daɗe yana kallonta, sanda a kafaɗa. Sannan ya ce, “To. Kai ka yi boko.” Ya yarda. Da maƙwabtansa suka ga shi ma ya yarda, su ma suka kawo nasu.

Bazarar shekarar ta yi zafi ba kaɗan ba. Makonni kafin a yi allurar, abokina ya ce mini ya murɗa maɓallin firiza ya ƙara masa ƙarfi. Ya ce, “In ya wuce kima, ai abin naka ya hwaɗa min.” Na ce ya kwantar da hankalinsa.

Aka yi allura, ruwa ya sauka, ciyawa ta fito. Wata safiya Kawu ya ga karsana tana ɗingishi. Kafin hantsi kafaɗarta ta kumbura, in an danna sai ta yi ƙara kamar busasshen ganye. Abokina ya je da gudu ya yi abin da zai iya. Ba ta kai azahar ɗin washegari ba. A makon nan da wanda ya biyo, an rasa wasu ƙananan shanun a rugagen da ke kewaye, kuma kusan dukansu an yi musu allura daga firizan nan.

Mutane suka taso wa abokina. Ina zaune a shagon wani dattijo ya tsaya a bakin ƙofa, ko sallama bai yi ba, ya ce, “Ruwa kas sayar muna, malam. Allah shina gani.” Cikin kwanaki kaɗan abokina ya zube, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yau ya zargi waɗanda suka kawo masa maganin, gobe ya zargi hannunsa. Na'urata kaɗai ce bai taɓa zargi ba.

Ni na ce bari in ciro awon da ta ajiye, mu nuna wa duniya cewa firiza ba shi da laifi. Ya ba ni makulli ya fita. Da rana tsaka na buɗe shagon na jona kwamfutata. Awon bazara babu shi, domin haka na tsara: in wuri ya cika, sabo ya hau kan tsoho ya goge shi. Na watan da muke ciki kaɗai na samu, kuma a duk ranar da aka yi rana sosai akwai giɓi, daga wajen azahar zuwa bayan la'asar, babu awo ko ɗaya. Na ce wayar ce take motsi. Na ɗaga murfi na zura hannu don in gyara ta, sai yatsuna suka taɓa ɗaya daga cikin ledojin ruwan da abokina ke jerawa a ƙasa don su riƙe sanyi. Ledar ta zama dutse. Na ɗago kai na dubi akwatina, fitila kore shar.

Na sa kwamfuta ta nuna mini lambar kafin a tace ta. Ɗari biyu da hamsin da uku. Ban buƙaci kowa ya yi mini bayani ba. Firiza yana awo uku ƙasa da sifili, na cusa lambar a gurbin da bai san ƙasa da sifili ba, sai ta zagayo ta koma ɗari biyu da hamsin da uku. Dabarata ta farko ta dube ta ta ce shara ce, ta zubar. In rana ta take, firiza yakan faɗa daga uku zuwa ƙasa da sifili cikin awa ɗaya ko biyu, bai taɓa ba da mummunan awo uku a jere ba. Magani ya daskare da rana, ya narke kafin asuba, abokina ya ɗauke shi ruwa-ruwa kamar lafiyayye. Na zauna a kan buhun dusa, ledar tana narkewa a hannuna.

Gyaran bai ci minti biyar ba. Na gyara, na mayar da maɓallin firiza inda yake a da, na kulle shago. Da abokina ya tambaye ni, na ce masa awon bazara ya goge. Gaskiya ce, amma rabinta. Babu mai iya ganowa a duk ƙasar nan in ba ni ba. Kwana tara na yi da abin a cikina. Ina cin abinci kwano ɗaya da mutumin da ake kira mai sayar da ruwa, ina ce masa ya yi haƙuri.

A rana ta goma Kawu ya aiko in kai shi tsallake a babur. A al'adar, in karsanar haɓɓanaaye ta mutu ba a biyan komai, amma ba a aika saƙo. Kai da kanka za ka je, ka kai igiyarta, ka faɗa da bakinka. Muka kama hanya cikin laka, gero ya kai gwiwa hagu da dama, muna sauka muna tura babur a inda ruwa ya yanke hanya. Kawu yana bayana, igiya a naɗe cikin aljihunsa, hannunsa ɗaya a kafaɗata.

Dattijon ya tarbe mu a ƙarƙashin wata bishiyar kaɗanya, aka shimfiɗa tabarma. Suka daɗe suna gaisawa da Fulatanci, wanda nake ji amma bakina ba ya juya shi sosai. Sannan Kawu ya fito da igiyar ya ajiye a tsakaninsu. Dattijon ya dube ta, ya tambayi ciwon da ya ɗauke ta. Kawu ya faɗa. Ya tambaya ko an yi mata allura. Kawu ya ce an yi, shi da bai taɓa yarda da allura ba ya yi saboda ita.

Dattijon ya ce, “To ka fita hakkinta. Kwananta ne ya ƙare.” Ya ɗan juya ya dubi garkensa da ke kiwo can nesa, ya ƙara da cewa shi ma ya yi niyyar kai nasa a yi musu a bana, amma tunda allurar ba ta hana komai, ya fasa, kuma zai gaya wa 'ya'yansa su bari.

Nan ne na kasa. Ba jarumta ba ce, kada ku ba ni wannan. Na dubi ƙananan shanun nan ne na ga cewa shiruna bai gama kisa ba. Na ce da Hausa, “Baffa, allurar tana aiki. Wadda aka yi wa karsanarka ce ta lalace. Ta daskare a cikin firiza. Na'urar da na haɗa ta gani, ni na hana ta faɗa.”

Ya juyo ya dube ni sosai a karon farko. Ya ce, “Ƙarhe shina ƙarya?”

Na ce, “A'a, Baffa. Abin da na koya masa ya yi.”

“Da sani kay yi?”

Na ce, “An gargaɗe ni. Na ce na fi sani.”

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya sa aka kawo mana nono. Kawu bai dube ni ba, igiyar yake kallo.

Sai da muka tsallako iyaka, muka sauka muna tura babur a wani kwari, Kawu ya yi magana. Ya ce, “Kwana nawa kas sani?”

Na ce, “Tara.”

Da muka hau, na ji kafaɗata babu nauyi. Ƙarfen bayan babur ya riƙe har Sharabi.

Da yammar nan na gaya wa abokina. Ya daɗe yana kallon firiza, sannan ya ce ai shi ya murɗa maɓallin, kuma a iliminsa ba zai iya rantsuwa cewa daskarewar kaɗai ce ta jawo ba, allura ma takan kuskure. Ya faɗa ne don ya sauƙaƙa mini, kuma ban karɓa ba. Muka zubar da duk kwalaben da suka rage, muka bi rugage tare ina maimaita bayanin da na yi a tsallake. Wasu sun dawo masa, wasu har yau wani gari suke kai shanunsu. Muna nan da abotarmu, ni na yi masa babban aboki ranar aurensa. Amma tun daga ranar da sunana na yanka yake kirana, kuma ya rataya ma'aunin sanyi na gilashi a cikin firiza, irin wanda ake dubawa da ido.

Yanzu ina aiki a birni, har ana turo mini aikin wasu in duba. In na ga mutum ya yi kastin don kawai ya rufe bakin gargaɗi, nakan tambaye shi: wace lamba ce kake ganin ba za ta taɓa zuwa ba? Je ka kawo ta, ka zuba ta a ciki, mu gani da idonmu. Duk abin da na'ura ta zubar a matsayin shara, ina so a ƙirga shi a nuna wa mutum. Suna cewa na cika tsanani, wani ma ya ce kamar an taɓa yi mini wani abu. Kuskuren ya koya mini sana'a, wannan na yarda. Kwana taran nan kuwa ban san abin da suka koya mini ba, illa dai na san abin da zan iya aikatawa in na ga babu mai kama ni, kuma ba na jin daɗin wannan sanin.

Dattijon tsallake ya ce zai sake ɗaura wa Kawu wata in rani ya yi. Allah bai nufa ba, ya rasu kafin kaka, aka raba garkensa. Tsofaffin shanun Kawu ba su ƙara haihuwa ba, ɗaya bayan ɗaya suka tafi kasuwa. Yanzu noma yake yi, gero da ɗan wake. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Duk sallah nakan je gaishe shi, ya sa a shimfiɗa mini tabarma, ya tambayi aiki da iyali, ya sa a dama mini fura kamar yadda ake yi wa ɗan 'yar'uwa.

A zuwana na bara na iso da wuri, sai na haɗu da matarsa a hanya tana dawowa daga wata ruga da ƙwarya a kai. Ta ɗan kawar da fuska, muka gaisa. A nan na gane cewa nonon da ake dama mini fura da shi a gidan Kawu, duk shekarun nan, sayo shi ake yi.